Madubi Mai Ninki Ashirin da Huɗu

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a dajin gabas da Zango, ranar da na ɗaga murya na yi kabbara a gaban surukina saboda murnar abin da ya kamata in zauna in yi wa kuka. An daɗe da yin abin, furfura ma ta cinye mini gemu, amma har yau idan ya faɗo mini a rai ina tsakiyar cin tuwo, sai in ajiye lomar in tsame hannu.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Daura. Matata Rabi 'yar wani ƙauye ce gaba da Zango kaɗan, mahaifinta kuwa shi ne Sarkin Baka na yankin, wato shugaban maharba. Baba muke ce masa. Dogo ne siriri, ba ya son magana mai yawa. Shekara bakwai ina auren 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, tun daga bakin zaure nake tuɓe takalmi in tsuguna. A shekarun ƙarshe ma ko na ɗago kai ba zai sani ba, domin yanar ido ta rufe masa gani, inuwar mutum kawai yake gani.

Abin da ya hana shi zama wuri ɗaya wata karya ce ja mai suna Guguwa. Da ƙuruciyarta ba zomon da ke tsere mata. Da ta manyanta, shi ma ido ya tafi, sai ta canja aiki ba wanda ya sa ta. Takan jera da ƙafarsa ta hagu, jikinta na gogar ƙaurinsa, ta kai shi gona ta dawo da shi. In akwai rami ko ƙaya a gaba sai ta tsaya, shi ma ya tsaya. Shekarun farkon shari'a ne, kowa yana ɗokin gyara, har wasu samari masu wa'azi suka same shi da maganar ajiye kare a gida. Bai yi musu da su ba. Ya je wajen liman ya tambaya, liman ya ce karen farauta da na gadi ba laifi, sai ya sa aka yi mata 'yar bukka a bayan rumbu, magana ta mutu.

To ni ina ruwana da farauta? Ɗanlami ne ya jawo mini. Ƙanen Rabi ne, magidanci, dillalin awaki, kuma tun da akwai wasa tsakaninmu ba ya raga mini ko kaɗan. Duk zuwan da zan yi sai ya tara mutane a kaina. "Ga Malam mai alli nan! Gidan maharba guda an kawo mana surukin da ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya nemi littafi ya duba." A yi ta dariya, ni ma in taya su, amma a ciki abin yana cina. (Ka ga mutum da takardar digiri a bango, wai maganar dillalin awaki ce ke hana shi sukuni.) Na ƙudura a raina sai na shigo gidan nan da nama a hannu, naman da ni na harbo.

Da aka yi hutu sai na hau mota zuwa Kano, na nemi wani shago da ake sayar da bindigar iska, irin mai ƙarfin nan da ake harbin tsuntsu da zomo, harsashinta ɗan dalma ne bai fi ƙwayar masara ba. Mai shagon dattijo ne, tsohon soja. Da na zaɓi bindiga sai ya jero mini madubai uku, irin waɗanda ake ɗaurawa a bayanta a leƙa a yi saiti. Ya ce na farko yana ninka girman abu sau huɗu, na biyu daga uku zuwa tara, na uku kuwa, wani ƙato mai kama da taɓaryar daka yaji, daga shida har ashirin da huɗu.

"A ina za ka yi farautar, Malam?"

Na ce wajen Zango, zabi da fakara da zomo.

"To ɗauki mai huɗun nan. Dajinku sabara ce da kalgo, abu zai tashi a gabanka taku ashirin ko talatin. Shi madubi, iya yadda ya ƙara maka girman abu, iya yadda yake rage maka filin da kake gani. A ashirin da huɗu kamar kana leƙen duniya ne ta cikin kara. Ga shi ko numfashi ka yi sai hoton ya yi rawa. Na masu kwanciya a ƙasa ne suna harbin takarda daga nesa."

Na saurare shi sarai, har ina gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Amma ni malamin makaranta ne, na saba da ba da maki, kuma a duniyata wanda ya ci huɗu cikin ashirin da huɗu ya faɗi jarrabawa. Ban da haka, ƙaramin ba shi da kwarjini. Na hango fuskar Ɗanlami ranar da zai ga ƙaton. Na nuna shi da yatsa na ce, "Wannan nake so." Dattijon ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kayanka ne. Amma don Allah ka bar shi a kan shida."

Mako uku ina atisaye a bayan gidana a Daura. In ɗora bindiga a kan turmin Rabi, in sa matashi a ƙarƙashi, in jera gwangwanayen madara a gindin katanga. Ranar farko na bar zoben ƙara girman madubin a kan shida, kashegari na murɗa shi har ƙarshe, kuma daga nan ban sake mayar da shi ba. Wane daɗi! Ina karanta ƙananan rubutun jikin gwangwani, ina ganin tururuwa na hawa bango ɗauke da abincinta. Ba na kuskure. Rabi ta tsaya tana kallona wata rana, tsintsiya a hannu, ta ce, "Malam, shi zomon ma a kan katanga zai zauna ya jira ka?" Na ce mata harkar maza ce.

Bayan an gama girbi muka tafi ƙauye a kan babur, ita a baya, bindiga a naɗe cikin zane. Na tsuguna gaban Baba na faɗi buƙatata: ina so a fita da ni daji. Shekara biyu rabonsa da fita farauta. Sai ya ce, "Suruki ya roƙi daji a gidan Sarkin Baka, a hana shi? Gobe da safe in Allah ya kai mu." Daga baya Rabi ta gaya mini da yammar nan ya sa an fito masa da tsohuwar rigarsa ta farauta an kakkaɓe, ya zauna yana shafa kan Guguwa yana ce mata gobe akwai aiki.

Mu biyar muka fita bayan rana ta ɗago: Baba da sandarsa, Guguwa a gefen ƙafarsa, Ɗanlami, wasu dattawa biyu abokan farautarsa tun ƙuruciya, sai ni. Da na warware zanen, madubin ya yi aikin da na saye shi dominsa. Ɗanlami ya riƙe baki. Dattawan suka karɓa suna jujjuyawa, ɗayansu ya leƙa ya ce yana ganin ƙudan da ke kan jakin da ke can ƙarshen gona. Baba ya shafa bindigar daga baki har gindi, ya shafa madubin, ya miƙo mini.

"Tana da nauyi a sama," ya ce. "Abu ɗaya zan gaya maka, Malam. Kafin ka taɓa kunamar bindiga, ka san inda kowa yake, mutum da kare."

Na ce, "To, Baba." Irin "to" ɗin da ɗalibaina ke ce mini.

Ba mu yi nisa ba Guguwa ta tsaya cak, ta ɗaga ƙafar gaba. Zabin daji ne, sun fi goma, suna kiwo a wata saura, kusa ƙwarai, da dutse ma sai a jefe su. Ɗanlami ya raɗa mini, "Bismilla, Malam." Na ɗaga bindiga na kafa ido. Ban ga zabo ko ɗaya ba. Wani kore-kore na gani, sai ruwan ƙasa, sai fari, komai na yawo kamar ina cikin kwalekwale. Babu turmi, babu matashi, hannuna kawai da zuciyata mai bugawa. Na yi sama, na yi ƙasa, na ga wani ganye ƙato kamar faifai. Ina cikin lalube na ji fuka-fukai farrr, da na sauke bindiga sai fili kawai.

"Ka ji tausayinsu ne?" in ji Ɗanlami.

Haka aka yi da fakara a gindin wata aduwa. Kowa yana ganinta da idon da Allah ya ba shi, har Baba da ba ya gani ya nuna wajen da sanda saboda ya ji motsinta, ni mai ninki ashirin da huɗu ina can ina nazarin ɓawon itace. Ta gaji da jirana ta yi tafiyarta a ƙasa, ko tashi ba ta yi ba. Wannan karon har dattawan sai da suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Ɗanlami ya ce ko a rubuta mini sunanta a allo in gane ta.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗanlami, ya isa." Sannan ya juyo wajen da nake, a hankali yadda sauran ba za su ji ba: "Malam, abin nan ba a rage shi? In ana ragewa ka rage. Kuma ka bar ɗaya idon a buɗe."

Ana ragewa. Murɗa zobe ne kawai, aikin da bai kai ɗaura agogo ba. Na ɗora yatsuna a kansa ma. Sai na ga Ɗanlami yana kallona yana murmushi, na ji kamar in na rage na amsa cewa ƙaton madubin nan banza ne, ni ma haka. Na ce, "Na rage, Baba." Ban rage ba. Wannan ita ce ƙaryar da na taɓa yi masa, ita kaɗai, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Rana ta fara zafi, an fara maganar komawa, sai ɗaya daga dattawan ya taɓa ni ya nuna gindin wata sabara, taku talatin ko ƙasa da haka. Zomo ne ya lafe, kunnuwa a kwance. Na durƙusa, na dogara gwiwar hannu a kan cinya, na runtse idon hagu gam. Na lalubo, na lalubo, sai ga shi. Ya cika madubin taf. Ina ganin ƙwayar idonsa, ina ganin hancinsa na motsi, har jijiyoyin kunnensa. Duniya duka ta koma zomon nan. Layukan saiti na ta rawa a kansa, na ce bari in jira su natsu. Na jira, na ƙara jira. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Abin da ban gani ba, wanda kowa ya gani, shi ne Guguwa ta bar gefen Baba. Ta ga an yi asarar nama sau biyu, ta ga wannan ma zai tafi, sai tsohon aikinta ya motsa mata. Ta zagaya ta hagu tana rarrafe, ta ɓangaren idon da na rufe.

Na ji an ce, "Malam, tsaya!" daidai lokacin da yatsana ya ja kunama. Wani abu ja ya cika madubin, na ji ƙarar dalma ta shiga nama. Na miƙe zumbur na ɗaga bindiga sama, na ce, "Allahu akbar! Na same shi! Ɗanlami, ina bakin naka? Na same shi!"

Na ga zomo yana tsallen tserewa can cikin kara, lafiyarsa lau. Sai wani kuka siriri ya taso daga gindin sabarar.

"Wannan muryar Guguwa ce," in ji Baba.

Bai jira a kama hannunsa ba. Ya nufi kukan, yana tuntuɓe da kunyoyin gona, ƙaya na kama masa riga, ya faɗi a kan gwiwa ya tashi. Da ya isa ya zube ƙasa yana lalube har hannunsa ya same ta. A bayan kunne dalmar ta shiga. Ya ɗora kanta a cinyarsa, ya toshe wurin da babban yatsa, jini na bin hannunsa. Yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, irin kirarin da yake mata tun tana gudu. Ta kaɗa wutsiya sau biyu tana bugun ƙasa. Daga nan ba ta ƙara motsi ba.

Ni kuwa ina tsaye inda nake, hannuna bai gama saukowa daga kabbarar ba. Na so ƙasa ta buɗe. Na so Ɗanlami ya zage ni, ko ya kwaɗa mini mari, amma mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya sunkuyar da kai yana share ido da hula. Na ja ƙafa na je na tsuguna nesa kaɗan, na buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Baba..."

"Zomon fa?" ya tambaya.

"Ya gudu, Baba."

"To, kwanansa ne bai ƙare ba." Ya shafa kunnenta. "Kai ba ka ji ciwo ba dai?"

Da ya zare wuƙa ya soka mini da ya fi mini sauƙi.

Dattawan suka haƙa rami da gatari a gindin kalgo. Baba da kansa ya sa ta ciki, ya tura ƙasa da tafin hannu, ya sa aka ɗora ƙaya a kai saboda kada wani abu ya tone. Da ya miƙe sai ya tsaya, ƙafarsa ta hagu ta ɗan matsa gefe tana neman abin da ta saba gogawa. Ɗanlami ya matso zai kama sandarsa. Baba ya ce, "A'a. Malam ne zai ja ni."

Haka muka shiga gari, ni a gaba riƙe da bakin sanda, shi a baya, bindiga da ƙaton madubinta a rataye a kafaɗata suna ƙyalli. Mutanen da ke zaune a inuwar masallaci suka yi mana barka da dawowa, suka dubi hannuwanmu babu nama, suka dubi gefen ƙafar Baba, sai gaisuwar ta mutu a bakinsu. A lokacin na ɗauka horo ne yake mini. Sai daga baya na gane rufa mini asiri yake yi: wanda ya ga Sarkin Baka ya ba ni sandarsa, ba shi da bakin da zai ce mini komai.

A tsakar gida surukata ta tambayi ina Guguwa. Ya ce, "Ta riga mu. Tsautsayi ne na daji." Ya ce a dama wa Malam fura, ya sha rana. Aka kawo mini a zaure cikin ƙwarya, da nono mai kyau, kuma dole na shanye, domin barin ta wani rashin kunyar ne. Ban taɓa shan abu mai wuyar haɗiya irinta ba.

A hanyar komawa Daura Rabi ta kifa kai har muka wuce Zango. Ina jin goshinta a bayana, rigata na jiƙewa. Can ta ce, "Guguwa tana 'yar ƙarama uwarta ta mutu. Ni na raine ta da ragowar kununa." Shi ke nan abin da ta taɓa faɗa a kan maganar, har yau.

Bayan wata guda na samo ɗan kwikwiyo mai kyau daga wajen wasu makiyaya a Mashi, na kai masa. Ya karɓa ya shafa ƙafafunsa da ƙirjinsa, ya buɗe bakinsa ya taɓa haƙora. Ya ce, "Kare ne na gaske, zai yi gudu. Allah ya yi albarka, Malam. Amma kafin ya san ni, ni na tafi. A ba Ɗanlami." Daga wannan shekarar bai ƙara zuwa gona ba. Ba ya son a riƙa jan sa, ya ce kowa da aikin gabansa. Ya koma zaman ƙofar zaure a kan buzu, daga nan sai masallaci da ke jikin gidan. Damina biyu ya ƙara, Allah ya karɓi abinsa. Ba wanda ya taɓa ce mini zaman ne ya karya shi, ni ma ba na faɗa, kwana ne ya ƙare. Amma na san ranar da zaman ya fara, kuma na san wanda ya zaunar da shi.

Ɗanlami bai sake tsokanata da maganar farauta ba, ko sau ɗaya. Wasan da nake jin haushinsa, na dawo ina kewarsa. A wajen zaman makokin Baba ne ya zauna kusa da ni, ya ce tsohon ya tara su tun a daren ranar ya ce duk wanda ya tayar mini da maganar nan bai yafe masa ba.

Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne idan za ka yi wauta, ka roƙi Allah ya sa a gaban mai faɗa za ka yi ta. Zai wanke ka tas, ka ji zafi kwana biyu, ka warke. Mai haƙuri kuwa sai ya yafe maka nan take, ya sa a ba ka fura, ya bar ka da kayanka a ka har ka tsufa. Ni dai yanzu farautata ɗaya ce, ranar kasuwar Daura a gaban teburin mahauci. Ina matsawa kusa har sai cikina ya taɓa katako, in buɗe idanuna duka biyu, in duba dama in duba hagu, sannan in nuna tsokar da nake so da yatsa.